Larabar da Baba Na-Sani Bai Ƙirga Ba

Baba Na-Sani bai taɓa tuƙa mota ba. Ko keke bai iya ba. Amma shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadin ƙofar wata ma'aikata, yana ɗaga ƙarfe mota ta shiga, ya sauke, ya rubuta lambarta a littafi. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da usur ɗinsa, da hularsa ta aiki, da biro uku, da kuma tabbacin cewa duk duniya babu wanda ya san halin mota kamarsa.

Sunan kuwa shi ya jawo wa kansa. Ka ce masa an yi ruwa, ya ce, "Na sani." Ka ce masa wane ya yi tafiya, "Na sani." Wata rana Mai Aski ya ce masa, "Baba, rigarka a baibai take." Ya ce, "Na sani," ya kuma yini da ita a haka don kada a ce bai sani ba.

A bakin unguwarsu akwai wata mararraba inda tituna huɗu suka haɗu. Kullum daga bakwai na safe zuwa tara wurin a cushe yake, mota ba ta gaba ba ta baya, sai hon da hayaƙi. Ɗan sandan da ke wurin, wanda kowa ke kira Kofur, har muryarsa ta dushe. Wannan cunkoso bai taɓa damun Baba Na-Sani ba, tunda ba ya zuwa ko'ina, sai ranar da takarda ta zo wa Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa. Ta gama makarantar aikin jinya, ta yi shekara biyu a gida tana jira. Yanzu wani asibiti a can ƙetaren mararrabar ya kira ta intabiyu ranar Laraba ta sama, ƙarfe takwas da rabi. A ƙasan takardar an rubuta cewa wanda ya makara kada ya wahalar da kansa.

"Tun shida zan fita," in ji Auta. "Ko in yi ta zama a ƙofarsu."

"Kaza ce ke da za ki fita tun shida?" in ji uban. "Bar mini wannan."

Da yamma ya tafi shagon aski, inda ake zama a kan benci ana kallon titi. Mai Aski yana kan wani, Mai Faci kuma yana wanke hannu a bokitin da yake gwada tayoyi.

"Wannan cunkoson sai tashin duniya," in ji Mai Aski. "Motoci sun yi yawa."

"Ba yawa ba ne. Rashin lissafi ne," in ji Baba Na-Sani. "Mota kamar ruwa take. Idan ka san inda take taruwa, ka san inda za ka fasa mata hanya."

"To Baba, ka fasa mana mana," in ji Mai Faci. "Gwamnati ta gaza, Kofur ya gaza, saura kai."

"Mako guda. Ku ba ni mako guda in ƙirga su. Ranar Laraba ta sama ku zo ku sha kallo."

Litinin da sassafe ya saka tsohon kakinsa da hula, ya rataya usur, ya kafa kujera a bakin titi, ya buɗe littafi. Duk motar da ta wuce sai ya zura mata ido, ya ja layi. Direbobi suka ga tsoho da kaki yana kallon lambarsu yana rubutu. Masu gaskiya suka rage gudu. Marasa takardu suka taka birki. Wani mai tasi ya fito ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, wallahi yau ɗin nan zan sabunta."

"Tashi ka wuce, kana ɓata mini lissafi!"

"To a goge lambar tawa, don Allah."

Kafin takwas layin ya ninka na kullum. Ga kuma gaisuwa. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Baba, ina kwana," shi kuma sai ya amsa, ya tambayi gida da yara, kafin ya sunkuya mota ashirin sun wuce. Kofur ya ratso ta tsakanin motoci, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Baba, me kake yi a nan?"

"Aikinka nake sauƙaƙa maka."

"Ka san tun da ka zauna ko mota goma ba ta tsallaka ba?"

"Na sani."

"To ɗauki kujerarka."

Talata ya sake dabara. Ya hau barandar da ke saman shagon aski, inda babu mai gaishe shi. Ya bar biro, ya ɗebo wake daga ɗakin girki, ya samo gwangwanayen madara guda biyu. Babba na babban titi. Ƙaramin kuma na wani lungu ne da ya balle daga titin ta hannun hagu kafin a kai mararraba, ya shige tsakanin gidaje. Mota ɗaya, ƙwayar wake ɗaya. Ƙarfe tara na cika babban gwangwani ya kusa cika, ƙaramin kuwa ƙwaya takwas ce kawai ke yawo a gindinsa.

Baba Na-Sani ya leƙa ƙaramin gwangwanin, ya leƙa lungun, ya yi murmushi. Ya sauko yana taku kamar wanda ya tsinci zinariya, ya kai gwangwanayen gida ya ajiye a kan kabad, ya ce sai ya huta zai ƙirga babban.

Da magariba matarsa ta kawo abinci. Wake ne, ya dahu luguf. Ya cinye kwano ɗaya, ya nemi ƙari, ya sake neman ƙari.

"Yau kam hannunki ya faɗa daidai," ya ce, yana suɗe yatsa. Sannan ya miƙa hannu ya sauko da babban gwangwani. Wayam.

"Ina motocina?"

"Waɗanne motoci, Malam?"

"Na Talata! Suna cikin nan!"

"Au, waken? Na duba buhu na ga an kwashe rabi, na ga nawa a gwangwani, na haɗa na dafa. Na ƙaramin dai na bar maka, ba su kai a wanke ba."

"Kin dafa mini mota sama da dubu!"

"Kai ka ci su, har da ƙari sau biyu."

Auta ta toshe baki da mayafi ta fice.

Motocin Talata ba su zauna lafiya a cikin Baba Na-Sani ba. Laraba da safe, lokacin da ya kamata ya kasance a baranda, yana tsakanin ɗaki da banɗaki, yana riƙe da ciki. Sai wajen azahar cunkoson ya lafa. Ranar ko leƙa titi bai yi ba.

Alhamis ya koma da tsakuwa maimakon wake, ya ce ta dafa in ta isa. Lungu ya ba shi shida. Juma'a bakwai. Asabar biyar. Babban titi kuwa kullum sama da dubu. Lahadi ya baje kwali a tsakar ɗaki, ya zana tituna da jan biro, ya rubuta lambobin a gefe. Gurbin Laraba ya tsaya babu komai, yana kallonsa. Ya ɗan sosa ƙeya. Sai ya haɗa takwas na Talata da shida na Alhamis, ya raba biyu, ya rubuta bakwai.

"Malam, ai ba ka fita ran Laraba ba," in ji matarsa, tana ninke wanki.

"Laraba tsakanin Talata da Alhamis take. Dole ta ɗauki tsaka-tsakinsu. Haka masana ke yi."

"Wane lungu ne wai?"

"Wanda ya balle kafin mararraba."

Ta ajiye zanen da ke hannunta. "Wannan? Ai ranar Laraba ce ake..."

"Na sani."

"Ka san me?"

"Duk abin da za ki faɗa. Shekara talatin da ɗaya ina harkar mota."

Ta dube shi, ta ɗauki zanenta ta ci gaba da ninkewa.

Litinin ya kai kwalin shagon aski, ya jingina da madubi. Ya nuna da sanda: ga babban titi, mota dubu da ɗari biyu a awa biyu. Ga lungu, mota bakwai. Kuma lungun nan, in ji shi, yana zagayawa ta bayan gidaje ya ɓulla can gaban mararraba. Ya auna da zare a kan zanen. Daga ƙofar gidansa zuwa asibiti minti goma sha ɗaya.

"To me ya sa mota bakwai kaɗai ke bi?" in ji Mai Aski. "Ruwa fa ba ya tsami banza."

"Jahilci. Kowa bin na gabansa yake kamar tumaki."

"Ka taɓa binsa har ƙarshe?" in ji Mai Faci.

"Likita sai ya shiga cikinka kafin ya san ciwonka? Lamba ba ta ƙarya." Ya naɗe kwalin, ya rage murya. "Amma sirri ne. Kada ya wuce mu uku."

Kafin la'asar Mai Aski ya raɗa wa kai goma sha huɗu, kowanne da gargaɗin cewa sirri ne. Mai Faci ya gaya wa duk wanda ya kawo taya. Shi kansa Baba Na-Sani ya gaya wa mai kanti, da mai gyaran waya, da wani mutum da ya tsaya tambayar hanya kawai. Da ya ga sirrin bai yaɗu yadda yake so ba, sai ya yanko wani kwalin, ya rubuta da fenti: GAJERIYAR HANYA, MINTI 11. Ya zana kibiya mai kauri. A ƙasa ya sa: Daga Masanin Hanya.

Mota kuwa ta surukinsa ce, mijin babbar 'yarsa, direban tasi, mutum mai kunya wanda bai taɓa ɗaga ido ya kalli Baba ba. Da aka gaya masa hanyar da za a bi sai ya murza hularsa a hannu.

"Baba, wannan lungun na ji direbobi suna cewa..."

"Na sani. Takwas saura ashirin ka zo."

"To, Baba."

Laraba, gari na wayewa, Baba Na-Sani ya ɗaure allonsa a jikin sandar lantarki a bakin lungu, ya dawo ya saka farar rigarsa ta fita, ya rataya usur. Auta tun shida take zaune da jakarta a cinya.

"Baba, don Allah bari in tafi yanzu. Ko da ƙafa ne."

"Ki je da ƙura a takalmi kamar wadda ba ta da uba? Zauna. A mota za a sauke ki, da sauran minti talatin da tara a hannunki."

"Inna, ki yi masa magana."

"Na yi," in ji uwar. "Ya sani."

Takwas saura ashirin daidai suka tashi, Baba a gaba da kwalinsa a gwiwa, Auta a baya. Mai Aski ya rufe shago ya haye bayan babur ɗin Mai Faci don kada a ba shi labari. Da suka hau babban titi suka tarar da layi kamar kullum. Suka ja jiki zuwa bakin lungu. Baba ya fito da hannu ta taga, ya hura usur, ya yi nuni.

"Hagu!"

Direba ya karya kan mota. Na bayansu ya ga allo, ya ga tsoho mai usur, ya biyo. Na bayan wancan ya biyo. Waɗanda suka ji sirri a shagon aski suka biyo, waɗanda ba su ji ba suka ga ana shiga suka biyo. Har da bas cike da ma'aikata, da wata a-kori-kura ɗauke da katifu.

Baba ya waiga ya ga jerin motoci a bayansa har iyakar ganinsa. Ƙirjinsa ya buɗe.

"Kin gani, Auta? Duk garin nan ubanki suke bi."

Da farko lungun ya yi daɗi. Babu kowa, sai wata kyanwa da ta tsallaka. Suka sha kwana ta farko. Hanya ta ɗan tsuke. Suka sha ta biyu, ta ƙara tsukewa, har Direba ya miƙa hannu ya lanƙwashe madubin gefe. A kwana ta uku wani wari ya fara shigowa ta taga. Direba ya taka birki.

Gaba da su, hanci da hanci, wata ƙatuwar motar shara ce ta cika lungun daga bango zuwa bango. Ma'aikata biyu suna juye bokitai a cikinta, mata sun jeru da kwandunansu. Direbanta ya ɗora ƙafa a kan sitiyari yana sakace.

Baba Na-Sani ya duba kwalinsa. Babu motar shara a ciki. Ya zuro kai ta taga.

"Kai! Me kake yi a nan?"

"Aiki. Kai me kake yi a nan?"

"Ba ka cikin lissafi!"

"Shekara tara duk Laraba ina nan, daga bakwai zuwa tara. Tambayi matan nan."

"Yi baya!"

"Baya ina? Wata motar tamu na bayana tana jiran in cika. Ku dai ku yi baya."

Baya kuwa hon ya fara tashi, ɗaya, biyu, sannan duka gaba ɗaya. Auta ta duba agogo.

"Baba, takwas saura takwas."

"Na sani."

Ya hango wani ɗan fili a dama, inda bango ya ɗan shiga ciki. Ya ce wa surukinsa ya raɓa ta nan, motar shara ta wuce. Direba ya dubi wurin.

"Baba, kamar akwai kwata."

"Murfi ne da ita. Shiga."

Ya shiga. Murfin katako ne, ya kuma daɗe da ruɓewa. Tayar gaba ta zurma, mota ta karkace, ƙofar Baba ta manne da bango. Yanzu ko ɗan wurin da mai babur zai iya ratsawa ya toshe.

"Sannu, Baba," in ji Direba.

Baba ya ce su ba shi wuri. Ya fito da kai ta taga, ya fito da kafaɗu, ciki ya tsaya. Ya yi nishi, Direba ya tura daga ciki yana ba da haƙuri, aka ji ƙyat, farar riga ta yage daga hammata zuwa ƙugu. Ya rarrafa ya hau rufin motar, ya miƙe, ya hura usur da duk ƙarfinsa.

"Kowa ya yi ribas!"

Kowa kuwa ya yi, a lokaci guda. Na farko ya bugi na biyu, na biyu ya bugi bas, bas ta taɓa a-kori-kura, igiya ta tsinke, katifu uku suka sulalo suka rufe gilashin wata mata da ke baya. Mutane suka fara fitowa, masu iya buɗe ƙofa ta ƙofa, sauran ta taga.

"Waye Masanin Hanya?" wani mai ƙaton wuya ya yi ihu.

"Ga shi can a kan tasi!"

"Tsoho, minti sha ɗayan daga yaushe ake fara ƙirgawa?"

"Wata sha ɗaya yake nufi, fenti ne ya ƙare masa!"

Mai Faci ya jingina babur ɗinsa can baya, suka ratso da ƙafa shi da Mai Aski, suna dariya har suna dafa motoci.

"Baba, ka fasa wa ruwa hanya!" in ji Mai Faci. "Ga shi duk ya taru wuri guda."

"An yi gudun gara an faɗa gidan zago," in ji Mai Aski.

"Ku yi mini shiru! Lissafina daidai yake. Wannan motar ce ta shigo ba bisa ƙa'ida ba."

Auta ba ta dariya. Ta dafe jakarta, idonta ya cika. Takwas da minti huɗu. Shekara biyu tana jiran wannan safiya, ga ta a cikin mota mai taya ɗaya a kwata.

Sai wata 'yar ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti, daidai gefen motar, ta yi ƙara ta buɗe. Mace ta fito da bokitin shara a hannu. Ta dubi motar, ta dubi mutumin da ke tsaye a kan rufinta da yagaggiyar riga.

"Malam, har kun dawo?"

Baba Na-Sani ya dubi matarsa. Ya dubi ƙofar. Ya ɗaga kai ya ga wandonsa na jiya a shanye a kan igiya ta saman katanga. Ashe duk zagayen nan bayan gidansa suka zo. Shekara ashirin yana gidan bai taɓa fita ta ƙofar baya ba, tunda ta nan ake fitar da shara.

Ya buɗe baki zai ce ya sani. Maganar ta ƙi fita.

Matar ta miƙa bokitinta ga ma'aikacin shara, ta goge hannu a zane.

"Auta, fito ta taga. Miƙo jakar tukun. A hankali da rigarki."

Auta ta fito. Uwar ta kama hannunta, suka shige ta ƙofar baya, suka ratsa ɗakin girki da tsakar gida, suka ɓulla ta ƙofar gaba.

Daga kan rufin tasi ana hango babban titi ta tsakanin gidaje biyu. Baba Na-Sani ya ɗaga ƙafa ya leƙa. Abin da ya gani ya sa ya murza ido. Titin fayau. Rabin motocin da suka saba toshe mararraba suna nan a bayansa a lungu, sauran sun samu sarari sun wuce. Kofur na tsaye a tsakiya, hannu a ƙugu, yana waige-waige kamar wanda aka sace wa garke. Wata bas ta zo, Auta ta ɗaga hannu, ta hau, bas ta tsallake mararrabar ko birki ba ta taka ba.

Baba ya juyo ga jama'a, ya ɗaga hannu biyu, yagaggen gefen rigarsa na kaɗawa.

"Ku leƙa mararraba! Na ce zan buɗe ta ko ban ce ba? Ga ta can a buɗe!"

Wani ya jefo ɓawon ayaba. Ya same shi a kafaɗa.

Ba a jima ba Kofur ya bi sawun hon ya iso, allon kwali a hammatarsa. Ya tsaya ya kalli jerin motoci, ya kalli tasi a kwata, ya kalli katifu. Sannan ya ɗaga allon.

"Baba, rubutun wa ye wannan?"

"Ka ga mararrabarka yau? Ko godiya babu?"

"Na gode. Sauko. Ka ce ka san halin mota, ga kuma usur a wuyanka. Za ka faro daga ta ƙarshe can bakin titi, ka fitar da su da baya ɗaya bayan ɗaya. Ni ina nan a inuwa."

Haka aka yi. Baba Na-Sani ya koma bakin lungu, yana tafiya da baya yana yafito da hannu. "Zo, zo, karya dama, ya isa." Kowane direba da ya fita sai ya bar masa kalma. Wani ya ce Allah ya ƙara ilimi. Wani ya tambaya ko akwai gajeriyar hanyar komawa gida da yamma, don ya kauce mata. Matar da katifu suka rufe kallonsa kawai ta yi, wanda ya fi zagi ciwo. Bas ɗin ita kaɗai ta ci rabin awa. Daga ƙarshe aka taru aka ciccibo tasi daga kwata, Mai Faci ya duba tayar ya ce ta fashe, yana ƙoƙarin ɓoye murna.

Ana cikin haka wayar Direba ta yi ƙara. Ya saurara, ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu.

"Baba, na iso," in ji Auta. "Takwas da kwata ina ƙofarsu. Ni ce ta farko da aka kira, sauran duk sun makara, wai wani ne ya karkatar da su wani lungu."

"Minti nawa kika yi a hanya?"

"Tara."

Ya sauke wayar, ya dubi Mai Aski da Mai Faci ɗaya bayan ɗaya.

"Tara. Na ce sha ɗaya. Kuskuren minti biyu kacal. Ku nuna mini injiniyan da zai yi haka da wake."

Rana ta take tsaka kafin lungun ya koma na kyanwa. Baba Na-Sani ya shigo gida ta ƙofar baya, karo na farko a rayuwarsa, ƙafa duk baƙin ruwa, murya ta dushe kamar ta Kofur. Ya zube a kujera. Matarsa ta ajiye masa ruwa, sannan ta ajiye ƙaramin gwangwanin madara a gabansa. Ya leƙa. Wake ne har rabi.

"Wannan fa?"

"Ina bakin ƙofa lokacin da kake fitar da su. Duk wadda ta fita na jefa ɗaya. Ga Larabarka nan da ta ɓace."

Ya ɗauki gwangwanin ya jijjiga, ya ji nauyinsa. Ya jawo kwalinsa, ya laluba aljihu ya zaro biro.

"Ai na san za su yi haka."

"To ka yi sauri ka ƙirga," in ji ta. "Ruwa ya tafasa."